Yadda Ake Saita Injin Peugeot 504 a Gida, Daga Bawul Zuwa Kafireto

Idan Fijo 504 ta fara wuyar tashi da safe, ko tana karkarwa a tsaye, ko tana shan mai kamar an huda tankin, abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su ɗauki sukudireba su nufi kafireto. Nan ne kuskuren yake. Sau da yawa kafireton lafiyarsa ƙalau, ciwon yana wajen wuta ko wajen bawul, kuma duk murɗin da aka yi wa kafireto kafin a gyara waɗannan, ɓoye ciwon kawai yake yi. Aikin yana da jeri: bawul, fulogi, kwantak, tayimin, sannan kafireto a ƙarshe. Kowanne yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi.

Motar ta fito a Faransa a 1968, kuma daga 1975 kamfanin PAN ya riƙa harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa har yau ba a rasa kayanta a Panteka ta Kaduna ko Kofar Ruwa ta Kano. Bayanin nan ya shafi injin fetur mai silinda huɗu da kafireto, mai girman 1796 cc ko 1971 cc, wanda ke cikin salun da wagon da a-kori-kura. Mai dizal ko mai injekta ba nan nasa yake ba.

Kayan aiki

Fila geji, wato jerin siraran ƙarafan awo, wanda ke da 0.10 da 0.25 da 0.40 da 0.60 na milimita. Wannan shi ne uban tafiya, kuma ba shi da tsada. Sai sifanar fulogi doguwa mai lamba 21, domin fulogin 504 a can ƙasan bututu suke zaune, gajerar sifana ba za ta kai gare su ba. Sai saitin sifana daga lamba 8 zuwa 17, musamman masu zobe, da sukudireba mai faɗin baki babba da ƙarama, da filaya mai roba a hannu. Ka haɗa fitilar gwaji da kanka: ƙaramin ƙwan fitilar mota mai bolt 12, da waya biyu, kowace kamar kamu ɗaya. Ka tanadi jak, da duwatsu ko katakon tare taya, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da alli ko farin fenti, da famfon hura taya, da ɗan buroshi.

Kayan canji: fulogi huɗu, kwantak sabo da kwandansarsa, gasket ɗin murfin bawul da robobin bututun fulogi, matatar mai ta kan tiyo, ɗan giris, da kananzir kamar lita ɗaya na wanki. Kada ka sayi kwantak da ka. Dilko, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta, wadda kwantak ke cikinta, iri-iri ne a kan waɗannan motoci, akwai Ducellier, akwai Paris-Rhône, kuma kwantak ɗin wannan ba ya hawa kan wancan. Ka ciro tsohon ka tafi da shi kasuwa. Haka ma fulogi, ka gwada tsawon zaren sabon da na tsohon gefe da gefe kafin ka biya.

Idan babu fila geji kuma dole ce ta kama, reza mai baki biyu kaurinta ya kusa 0.10, ka dushe bakinta a kan dutse tukuna. Ruwan zarton yanka ƙarfe ya kusa 0.60, zai yi wa fulogi. Amma 0.25 na bawul ɗin hayaƙi ba shi da madadi mai kyau, gara ka dakata ka sayo gejin.

Ka ajiye bokitin yashi kusa. Ba sigari, ba murhu, ba janareto a gefen aikin. Lokacin da za ka tayar da injin kuma, a fili za ka yi, ba a cikin rufaffen gareji ba.

1. Shiri tun daren jiya

Ana saita bawul ne inji na sanyi ƙalau, bayan ya huta aƙalla awa shida. Kan injin na alminiyom ne, yana buɗewa da zafi fiye da ƙarfen da ke jikinsa, saboda haka awon da ka ɗauka da ɗumi ƙarya zai yi maka. Ka ajiye motar da yamma a wuri mai shimfiɗe, ka fara aiki da sassafe. Ko tayar da ita na minti ɗaya don gyara fakin kada ka yi, a tura ta da hannu.

Cire wayar batir ta nagatif. Kafin ka zare wayoyin fulogi, ɗaura wa kowace alama. A nan akwai abin da ke rikita wanda ya saba da motocin Japan: a Peugeot, silinda ta 1 ita ce ta can baya kusa da giyabos, ta 4 kuma ita ce ta gaba kusa da lagireto. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne. Rubuta wannan da alli a cikin bonet, za ka yi ta komawa gare shi.

2. Cire fulogi ka karanta su

Kafin ka kwance fulogi, leƙa cikin bututun da yake ciki da tocila. Za ka iya tarar da yashi, ko baƙin mai ya taru ya kewaye gindinsa. Hura yashin da famfon taya, ka tsane man da tsumma a bakin sukudireba. In ka bar su, da zarar fulogin ya fita sai su gangara cikin silinda. Man da ya taru a bututun, alama ce robar da ke tsakaninsa da murfin bawul ta mutu, kuma shi kaɗai ya isa ya sa wuta ta riƙa zillewa injin yana tsallake bugu.

Kwance su ka jera bisa lambar silinda, ka dubi bakin kowanne. Ruwan ƙasa-ƙasa, kamar bayan gasasshen burodi, lafiya ke nan. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya yana nufin fetur ya yi wa iska yawa, ko matatar iska ta toshe, ko wuta ba ta da ƙarfi. Baƙi mai danshi da maiƙo kuwa baƙin mai ne ke haurowa, daga ringin fistin ko hanyar bawul, kuma wannan ya wuce aikin saiti. Fari fat mai ƙuraje yana nuna zafi ya yi yawa: ko fetur ya yi kaɗan, ko wuta tana riga lokacinta. Idan uku sun yi kama ɗaya, guda ya bambanta, matsalar ta wannan silindar ce kaɗai, kafireto ba shi da laifi, domin shi dukkansu yake ciyarwa.

Bar fulogin a waje tukuna. Injin da babu fulogi ya fi sauƙin juyawa, kuma za ka yi ta juya shi.

3. Saita bawul

Kwance murfin bawul. Idan ya manne, buga shi a hankali da tafin hannu ko guntun katako, kada ka cusa sukudireba a ƙarƙashinsa, za ka ƙwarzane fuskar alminiyom ɗin ya riƙa yoyo har abada. A ciki za ka ga hannaye takwas masu danna bawul, a layi biyu. Waɗanda ke danna bawul na ɓangaren da bututun salansa ya fito, su ne na hayaƙi. Na ɗaya ɓangaren su ne na shan mai. Kowane hannu yana da sukuru a ƙarshensa da noti mai ɗaure shi.

Tazarar da ake so tsakanin hannun da kan bawul: na shan mai 0.10, na hayaƙi 0.25.

Hanyar juya inji mafi sauƙi: tare tayoyin gaba da dutse gaba da baya, ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, sa giya ta huɗu, saki birkin hannu, sai ka riƙa juya tayar da ka ɗaga zuwa gaba da hannu. Injin zai bi ta sannu a hankali. Idan babu jak, a sa giya ta huɗu wani ya riƙa tura motar kaɗan-kaɗan kai kana kallo. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ba a auna bawul a ko'ina aka ga dama. Akwai tsayuwa huɗu, kuma a kowace bawul biyu ake saitawa. Juya injin har bawul ɗin hayaƙi na silindar da aka ambata ya nutse iyakar nutsewarsa, sifirin ɗinsa ya matse gaba ɗaya:

- Hayaƙin 1 a buɗe: saita shan man 3 da hayaƙin 4.
- Hayaƙin 3 a buɗe: saita shan man 4 da hayaƙin 2.
- Hayaƙin 4 a buɗe: saita shan man 2 da hayaƙin 1.
- Hayaƙin 2 a buɗe: saita shan man 1 da hayaƙin 3.

Zira gejin tsakanin hannun da kan bawul. Wanda ya yi daidai yana shiga da ɗan riƙo, kamar kana jan takarda daga ƙarƙashin kofin shayi. Idan ya shige salin-alin ba abin da ya taɓa shi, tazarar ta yi yawa. Idan sai ka tura da ƙarfi har gejin na lanƙwasa, ta yi kaɗan. Sassauta notin da sifana mai zobe, murɗa sukurun har ka ji riƙon nan, sannan ka riƙe sukurun da sukudireba gam yayin da kake ɗaure notin. Sake aunawa bayan ɗaurin. Kusan kullum notin yana jan sukurun ya matse tazarar kaɗan, kuma mai koyo a nan yake faɗuwa: ya auna daidai, ya ɗaure, ya wuce. Duk wanda ka gama, ɗiga masa alli.

Mutane na ƙin ƙarar tafet, wato ƙarar hannayen da ke danna bawul, suna matse bawul don injin ya yi shiru. Wannan shirun tsada gare shi. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In tazarar ta yi kaɗan, da inji ya ɗau zafi ba zai ƙara rufewa sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakinsa, daga nan sai sauke kan inji. Ɗan ƙyas-ƙyas na tafet ba ya kashe mota. Idan hannunka ya kasa tsayawa a kan 0.25 cif, gara ya karkata wajen faɗi.

Goge mazaunin murfin, sa sabon gasket da robobin bututu, ka ɗaure a hankali kuma bai-ɗaya. Matsewa da ƙarfi lanƙwasa murfin take yi, ba ta hana yoyo.

4. Gyara fulogi

Tazarar bakin fulogi 0.60 ce. Ko sabo ne ka auna shi, ba duka ke zuwa a saite ba. Ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa, ba a taɓa na tsakiya, farar tangaran ɗin da ke riƙe da shi tana tsagewa. Tsohon da bakinsa bai cinye ba ana iya goge shi da buroshi a mayar, amma wanda ƙarfen tsakiyarsa ya zama mulmulalle ya gama aiki.

Sai ka gama mataki na 6 za ka mayar da su. Idan lokacin ya zo, fara ɗaurawa da yatsu kana riƙe da jikin sifanar ba tare da sandarta ba. Ya kamata ya yi juyi da yawa ba gardama. In ya cije tun juyi na farko ko na biyu, ya hau zare a karkace, warware ka sake. Zaren alminiyom ba ya yafe ƙarfi. Bayan ya zauna, sabon fulogi rabin juyi ya ishe shi, tsoho kuwa ɗan taɓi kawai.

5. Kwantak da kwandansa

Idan an riga an sauya wa motarka dilko zuwa na lantarki, irin wanda babu kwantak a ciki, duba murfi da rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfin, kawai ka wuce.

Ɓalle maƙallan murfin dilko biyu. Duba cikin murfin a hasken rana: tsaga, ko wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, hanya ce da wuta ta yi wa kanta, sai canji. Taɓa ɗan gawayin da ke tsakiya, ya kamata ya shige ya dawo. Sa wani ya juya tayar ka ga inda rota ke nufa, ka zana kibiya a jikin dilkon da alli. Za ka buƙaci kibiyar nan a gaba.

Gwaji biyu masu sauri. Murɗa rotar da yatsu zuwa inda kibiyar ta nuna, ta ɗan tafi, in ka saki ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, ƙarafan da ke gaggauta wuta sun yi tsatsa, motar ba za ta taɓa yin ƙarfi a kan hanya ba. Sannan zare siririn tiyon da ya taho daga kafireto zuwa ɗan gwangwanin gefen dilko, ka tsotsa daga ɓangaren kafireto. Farantin da kwantak ke kai ya kamata ya motsa ya tsaya muddin harshenka na toshe da tiyon. In iska kawai kake ja, fatar ciki ta huje, kuma ta nan ma iska ke satar hanya tana ɓata silo, wato gudun inji lokacin da ba a taka totur ba.

Zare rotar. Buɗe bakin kwantak da farce ka duba. In gefe ɗaya ya yi rami ɗaya ya yi tsini, ko ya ƙone ya yi shuɗi, canza shi tare da kwandansa. Cusa tsumma a cikin dilkon kafin ka kwance ƙananan sukurorin, domin wanda ya faɗa ciki sai an ciro dilko gaba ɗaya. Lura sosai da yadda 'yan robobin da ke raba waya da jikin dilko suke jere. In ka mayar da su ba daidai ba wutar za ta sauka a jikin ƙarfe, motar ba za ta ce uffan ba. Ɗaukar hoto da waya kafin kwancewa yana raba gardama.

Sabon kwantak yana zuwa da maiƙon ajiya a bakinsa, goge shi da tsumma mai ɗan fetur. Juya inji har dugadugin kwantak ɗin ya hau ƙololuwar ɗaya daga tudu huɗu na sandar tsakiya, inda bakin ya fi buɗewa. Sassauta sukurun da ke riƙe da shi, saita tazarar a 0.40, ɗaure, sake aunawa. Mai na'urar auna kusurwar rufewa zai nemi digiri 57. Juya ka auna a kan sauran tudun uku. Idan awon ya bambanta sosai, ko sandar tana girgiza in ka tura ta gefe, bushin dilkon ya cinye, kuma babu saitin da zai zauna sai an gyara shi.

Shafa giris kamar ƙwayar gero biyu a kan tudun, ɗiga baƙin mai ɗigo biyu a kan ɗan audugan da ke ƙarƙashin rota. Kada ko kaɗan ya kai bakin kwantak. A ƙarshe ja farar takarda ta tsakanin bakin har ta fito fes.

Idan a hanya kwantak ya ƙone kuma babu sabo, goge fuskokinsa biyu da lallausan sanfefa su kwanta daidai, ka share da takarda, zai kai ka gida. Kwandansa kuwa ba a gyara ta, kuma sabuwa ma takan zo a mace. Tsohuwar da ka cire tana aiki, ajiye ta a aljihun mota.

6. Tayimin

Duk canjin tazarar kwantak yana matsar da lokacin wuta, shi ya sa wannan matakin ke biye da wancan ba ya gabansa.

Nemo alamar. A injunan baya-bayan nan akwai tsaga a bakin fulin ƙasa na gaban inji, da ɗan faranti mai alamomi a gefensa. A na farko-farko akwai rami a jikin ƙoƙon da ya rufe fulawil, wato ƙaton faifan ƙarfen da ke bayan inji, ana zira sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8 a ciki, a juya inji sannu har ta faɗa cikin tsagar fulawil, nan ne wurin tashin wuta. Ga masu faranti, adadin ya bambanta da irin inji da dilko, daga digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Bi abin da ke rubuce a littafin motarka. Idan babu littafin, fara da 8, gwajin hanya zai gyara sauran. Wanke wurin da kananzir, ka cika tsagar da alli ta fito fili.

Toshe ramin fulogi na 1 da guntun tsumma a saman bututun, ko ka sa tafin hannu, a juya inji har ka ji iska na turowa. Ci gaba sannu har alamar ta zo daidai. In ka wuce ta, koma baya sosai ka sake tahowa ta gaba, don sarƙar tayimin ta kasance a miƙe. Mayar da rota, ya kamata tana kallon inda wayar silinda ta 1 take a murfi.

Mayar da wayar batir. Haɗa waya ɗaya ta fitilar gwaji a ƙaramin notin koyil inda siririyar wayar dilko take, ɗayar a jikin inji. Kunna makulli ba tare da buga kik ba. Sassauta notin da ya riƙe gindin dilko daidai yadda zai juyu da hannu. Juya jikin dilkon zuwa inda kibiyarka ta nuna har fitilar ta mutu. Sannan dawo da shi kishiyar kibiyar, a hankali ƙwarai, har daidai lokacin da fitilar ta kama. Tsaya nan. Wannan ne lokacin da bakin kwantak ya rabu, lokacin da fulogi ke ba da wuta. Ɗaure notin kana riƙe da dilkon. Don tabbatarwa, juya inji zagaye biyu, fitilar ta kama daidai isowar alamar.

Kashe makulli da zarar ka gama, barinsa a kunne inji na tsaye yana dafa koyil ya ƙona sabon kwantak ɗin. Mai amfani da sandar milimita 8 kuma, ya zare ta yanzu-yanzu, kafin komai. Buga kik da sandar a ciki ɓarna ce babba.

Mayar da fulogi, murfi da wayoyi. Daga wayar 1, bi kibiyar: 3, 4, 2. Idan motar ta ƙi tashi tana harbi ta kafireto ko salansa, kusan tabbas wayoyin ne suka sauya wuri, ko an ƙirga silinda daga gaba. Idan shiru ne gaba ɗaya, zare wayar tsakiyar murfin dilko, riƙe ta da filaya mai roba kamar milimita 6 daga jikin inji, nesa da kafireto, wani ya buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas ake so. Ja mai rauni tana nuna kwandansa ko koyil. Babu wuta sam, koma kan robobin nan na cikin dilko.

7. Iska da mai

Yawancin 504 na ƙasashenmu suna da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa. Zubar da tsohon man, kankare laka, wanke ragar da kananzir, bar ta ta tsane, zuba sabon baƙin mai daidai layin da ke jikin kwanon. In ya haura layin, injin zai riƙa zuƙarsa. Mai ta takarda ya canza ta in haske ba ya ratsa ta. A lokacin hunturu, da ƙura ke cika iska, duba ta kowane mako biyu bai yi yawa ba.

Canza matatar fetur ta kan tiyo, kibiyar jikinta tana kallon kafireto. Motar da ta shekara talatin tana da tsatsa a tanki, ga kuma man bumburutu da ruwa da dattin jarka. Matsa tiyoyin mai da yatsu, wanda ya bushe yana tsattsagewa a canza shi yau, domin yoyon fetur a kan inji mai zafi gobara ce. A inda tiyo ya shiga kafireto akwai 'yar raga a bayan noti, ciro ta ka wanke.

8. Kafireto

Yanzu ne lokacinsa. Tayar da mota ta yi zafi sosai, cok a mayar da shi ciki gaba ɗaya, matatar iska a ɗaure, fitilu a kashe. Hannu da hannun riga su yi nesa da fanka da fanbel.

Sukurori biyu kaɗai za ka taɓa. Ɗaya na gudun silo, ɗaya kuma na awon fetur, wanda ke can gindin kafireto, mai tsinin baki. Idan an riga an hargitsa na fetur ɗin, kashe mota, murɗa shi ciki da yatsu biyu har ya taɓa ƙasa da kyar, sannan ka warware juyi biyu da rabi a matsayin mafari. Kada ka matse shi. Tsininsa na yin zobe, mazauninsa ya buɗe, daga nan ba zai ƙara jin saiti ba.

Saita gudun silo kusa da juyi 900 a minti. Sai ka riƙa shigar da sukurun fetur kwata-kwatan juyi, kana jira daƙiƙa goma bayan kowanne, har injin ya fara sanyi yana tuntuɓe. Dawo da shi waje kana ƙirgawa, gudun zai ƙaru, ya daidaita, sannan ya fara wani irin lilo, salansa na warin ɗanyen mai. Wurin da ake so yana tsakanin biyun, inda injin ya fi sauri da santsi. Idan gudun ya haura, rage shi da sukurun farko, ka sake taɓa na biyu. Wanda ba shi da agogon juyi ya yi da kunne: mafi ƙanƙantar gudun da sandar giya ba ta rawa, kuma in ka kunna manyan fitilu motar ba ta mutu ba.

Idan ka murɗa sukurun fetur injin bai ko kula ba, abu biyu ne. Ko jet ɗin silo ya toshe, ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Yayyafa ruwa kaɗan a gindin kafireto da bakin tiyoyin da ke manne da shi, in sautin inji ya canza, nan ne yoyon. Girgiza sandar totur, in tana wasa a raminta, ta nan iska ke shiga. Jet kuwa, kwance shi, wanke da fetur, hura da famfon taya. Kada ka soka masa waya ko allura. Tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa, motar ta koma shan mai ba dalili. In datti ya kafe, zare gashi ɗaya daga buroshin roba ka yi amfani da shi. Fetur na ambaliya daga saman kafireto kuma, allurar da ke tsayar da mai ce ba ta rufewa, ko balan-balan ɗin cikin kwanon ya huje. Ciro shi ka kaɗa kusa da kunne, in ka ji mai na motsi a ciki, sai sabo.

9. Gwajin hanya

Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso. A giya ta huɗu, kana tafiyar kilomita 40 zuwa 50, taka totur har ƙasa. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani kuma ta ƙi ɗaukewa, wuta ta yi gaggawa. Tsaya, sassauta dilko, matsar da shi zuwa inda kibiyar ta nuna kamar kaurin ashana, ɗaure, sake gwadawa. Barin wannan ƙarar yana huda fistin. Idan kuma babu ƙara amma motar ta yi nauyi, allurar zafi tana hawa, wuta ta makara, matsar da shi kishiyar kibiyar da irin wannan awon. Kik da ke nishi yana tokarewa da inji mai zafi shi ma alamar gaggawar wuta ce. Duk lokacin da ka taɓa dilko, sake duba silo.

Da ka samu wurin da ya yi, ja layi ɗaya da farin fenti daga gindin dilko zuwa jikin inji. Bayan kilomita 500 sake auna kwantak, domin dugadugin sabo yakan ɗan cinye ya rufe tazarar, ka leƙa bututun fulogi ko mai ya sake taruwa, ka ciro fulogi ɗaya ka ga launinsa. Daga nan, kwantak da fulogi a duba su duk kilomita 10,000, bawul kuma duk bayan dubawa biyu, ko da zarar sautin tafet ya canza.